Ku Tambayi Anti: Karatun Shekara Biyu Na Koyar Da Ƙananan Yara A Amurka

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonninku sun taru a kan abu ɗaya kamar kun haɗa baki, wato ƙaramin digirin nan na shekara biyu da ake kira asoshiyet, wanda ake yi a kwalejojin al'umma na Amurka, ɓangaren koyar da ƙananan yara. Na tsamo biyar daga ciki, na ɗan rage tsawon wasu don wallahi akwai mai rubuto min kamar tana ba da tarihin rayuwarta tun daga ranar suna.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ina zaune a jihar Ohayo da girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, shekara ta uku ke nan ina aiki a gidan renon yara a matsayin mataimakiya. Shugabar wurin ta ce in ina son a ba ni aji nawa na kaina sai na koma makaranta. Ni kuma ƙawayena sai dariya suke min wai yaushe aka fara zuwa kwaleji don koyon canza wa yaro famfas. Dan Allah me ake koyarwa a ciki, kuma ya cancanci wahalar? Daga ƙanwarki, uwar yara biyu.

AMSA: Ƙanwata ki bar su su yi dariyarsu, ranar da aka rufe ɗaya daga cikinsu a ɗaki da yara goma 'yan shekara uku na awa takwas za ta dawo ta ba ki haƙuri.

Bari in fara da fasalin abin. Asoshiyet kiredit 60 ne ko ɗan sama da haka, kiredit shi ne ma'aunin nauyin kowane darasi, in kina ɗaukan 15 kowane samista kin gama a shekara biyu, amma ke da ke aiki ga yara biyu a gida, ki sa a ranki uku ko ma huɗu, kuma ba abin kunya ba ne, ajin dare cike yake da irinki. Kwalejojin nan ba sabon abu ba ne, ta farko ta gwamnati an buɗe ta tun 1901 a garin Joliyet na jihar Ilinoyi, kuma yawancinsu ƙofa a buɗe take, in kina da shaidar gama sakandare ko ta GED, jarrabawar da ke maye gurbinta, an ɗauke ki, sai dai a yi miki ɗan gwajin Turanci da lissafi don a san ajin da za ki fara. In takardunki na wata ƙasa ne za a ce ki kai a tantance su tukunna, WES na cikin masu yin wannan aikin.

Wani kaso na kiredit ɗin darussan gama-gari ne, rubutun Turanci, lissafi, ilimin halayyar ɗan Adam, magana a gaban jama'a. Sauran kuma shi ne ainihin sana'ar. A wurinsu in an ce ƙuruciyar farko ana nufin daga haihuwa zuwa shekara 8, haka ƙungiyar NAEYC ta iyakance, ita ce babbar ƙungiyar masu wannan aikin a ƙasar. Darasin da zai fara juya miki tunani shi ne na yadda yaro ke girma. Za ki haɗu da Jean Piaget, mutumin Suwizalan, wanda ya nuna cewa yaro ba ƙaramin babba ba ne, tunaninsa daban yake tafiya. Gwada wannan a kan ɗan shekara huɗu a ajinku gobe: zuba ruwa daidai wa daida a kofi biyu iri ɗaya, ya yarda daidai suke, sai ki juye ɗaya a dogon kofi siriri yana kallo da idonsa, ki tambaye shi wanne ya fi yawa. Zai nuna dogon. Ba daƙiƙi ba ne, ƙwaƙwalwar ce ba ta kai wurin ba, sai wajen shekara bakwai abin ke zama. Toh kinga malamar da ta san wannan ba za ta tsaya tana masa tsawa don wani ya samu biskit a ɓare biyu shi kuma guda ɗaya yana kuka an cuce shi ba. Sai Lev Vygotsky na Rasha, shi kuma maganarsa ita ce akwai abin da yaro zai iya shi kaɗai, akwai wanda ba zai iya ba ko an kwana ana nuna masa, akwai kuma na tsakiya wanda zai iya in aka ɗan tallafa masa, kuma a wannan tsakiyar koyarwa take. Ki riƙe masa bakin zif ɗin rigar shi ya ja, gobe ki saki. Za ki ji labarin Friedrich Froebel Bajamushe da ya raɗa sunan kindagatin a 1840, da Maria Montessori da ta buɗe gidan yaranta na farko a wata unguwar talakawa a birnin Rum a 1907.

Darasin da ni na fi ganin darajarsa, kuma ɗalibai suka fi rainawa, shi ne na lura da rubutawa. Za a zaunar da ke a gefe da littafi ki rubuta abin da yaro ya yi kawai, ba abin da kike zato ba. Ba za ki rubuta "yaron nan mugu ne" ba, za ki rubuta ƙarfe nawa ya ciji wane, me ake yi a lokacin, me ya faru kafin nan. Bayan sati biyu sai ki duba ki ga ashe kullum dab da cin abinci yake cizon, ko lokacin da aji ya cika da hayaniya, ashe yunwa ce ko kuma bakin bai buɗe ba ya rasa yadda zai ce a ba shi wuri. Da irin wannan rubutun ake gano yaron da ba ya ji sosai ko wanda maganarsa ta yi jinkiri tun da wuri, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Akwai na lafiya da tsaro, kwantar da jariri a rigingine ba rub da ciki ba, shimfiɗa ba filo ba bargo, wanda likitocin yara na Amurka suka fara shawartarwa a 1992 kuma mutuwar jarirai cikin barci ta ragu sosai bayan nan. Akwai tsara wasa ya zama darasi, karanta wa yara littafi, aiki da yara masu buƙata ta musamman, da yadda ake magana da iyaye, wanda wani lokaci ya fi yaran wuya. A ƙarshe sai koyarwar gwaji, a tura ki aji na gaske malama na kallonki tana ba ki maki. Ki tambaya tun yanzu ko za su yarda ki yi a wurin aikinki, wasu kwalejojin suna yarda wasu kuma sai kin je wani wuri, kuma wannan awannin yawanci ba biya.

Ya cancanta? Ga wadda ta riga ta shekara uku a ciki ba ta gudu ba, eh. Amma kar ki cike fom sai kin karanta wasiƙar da ke biye.

TAMBAYA: Anti ni raina a ɓace yake. Na gama asoshiyet ɗina da sakamako mai kyau, na nemi jami'a don in cike shekara biyu in zama malamar kindagatin a makarantar gwamnati, sai suka ce kusan rabin kiredit ɗina ba za su lissafa ba. Na yi kuka har na gaji. Cuta ce ko me? Daga wata 'yar'uwa.

AMSA: Sannu 'yar'uwa, Allah ya huci zuciyarki. Ba ki faɗi irin digirin ba amma ko ba ki faɗa ba alamu sun nuna AAS ne. Nan ne gizo ke saƙar, kuma shi ne abin da nake so duk mai karanta shafin nan yau ya tafi da shi.

Asoshiyet ba iri ɗaya ba ne duk da sunan ɗaya. Akwai AAS, wannan an gina shi ne don ki gama ki shiga aiki kai tsaye, darussan sana'a sun yi yawa, na gama-gari kaɗan. Akwai AA da AS, su kuma an gina su a matsayin rabin farko na digirin shekara huɗu. Wasu jihohin irin su Teksas da Merilan ma suna da wani na musamman don masu son zama malamai, AAT. Matsalar ita ce AAS ya fi daɗi a ido, kin buɗe takardar kin ga darussan yara reras, wasa, jarirai, zane, sai ki ce ai wannan nake so, AA kuwa sai ki ga tarihi da kimiyya da lissafi ki ce me ya haɗa ni da su. Ranar tiransifa kuma, wato ranar da za ki koma jami'a da kiredit ɗinki, jami'a abin da take nema ke nan, darussan sana'ar nan sai ta ce nata za ki sake ɗauka a aji uku da huɗu, ko ta karɓe su a matsayin cikon benci da ba sa rage miki komai.

Kuma ki sani, koyarwa a kindagatin zuwa sama a makarantar gwamnati sai da digirin shekara huɗu da lasisin jiha, babu wata hanyar ratse da asoshiyet kaɗai. Abin da asoshiyet ke buɗewa shi ne malamar aji a makarantun share fage masu zaman kansu da gidajen reno, mataimakiyar malama a makarantar gwamnati, buɗe wurin reno naki a gida da lasisi, a wasu jihohin har shugabancin cibiya in an haɗa da shekarun aiki, sai kuma Head Start, shirin gwamnatin tarayya na yaran marasa ƙarfi da aka fara a 1965 zamanin Shugaba Lyndon Johnson. A Head Start mafi ƙarancin abin da ake nema ga malamar aji shi ne asoshiyet a wannan fannin, kodayake dokar 2007 ta ce aƙalla rabin malamansu a faɗin ƙasa su zama masu digirin shekara huɗu, don haka ko a can gasa na nan.

Yanzu me ya rage miki? Kar ki tsaya a kan jami'a ɗaya. Koma kwalejinki ki nemi jerin jami'o'in da suka sa hannu a yarjejeniyar karɓar ɗalibai da su, akwai waɗanda suka tsara digiri musamman don masu AAS suna karɓarsa dunƙule. Sai dai ki buɗe ido, wasu daga cikin irin waɗannan digirin ba sa kai mutum ga lasisin koyarwa, ki tambaya da baki ɗaya: in na gama wannan zan samu lasisi ko a'a? Sannan darussan da aka ƙi, kina da damar ɗaukaka ƙara, ki kai musu takardar manhajar kowane darasi su gwada da nasu, sau da yawa ana dawo da wasu. Waɗanda suka rage na gama-gari kuma ki yi su a kwalejin inda suka fi araha kafin ki tsallaka.

Ku kuma da ba ku fara ba, ku fara daga ƙarshe. Ina kike son ganin kanki bayan shekara shida? In aji a makarantar gwamnati ne, je ki jami'ar tun kafin ki biya ko dala ɗaya a kwaleji, ki karɓo jerin abin da suke karɓa a rubuce, ba a waya ba, ba "wata ta ce min" ba. Wasu jihohin sun sauƙaƙa, a Fulorida misali mai AA daga kwalejin jiha doka ta ba shi gurbi a ɗaya daga jami'o'in jihar, amma ko a can ba a ce lallai sashen da kake so ba. In kuwa burinki ki buɗe wurin renonki ko ki riƙe ajinki inda kike, toh AAS bai da laifi ko kaɗan, shi ne ma daidai ke.

TAMBAYA: Salam Anti. Maiɗakina ce ke son yin karatun nan, ni kuma direba ne, abin da ke shigowa ba yawa. Nawa ake kashewa, kuma in ta gama albashin zai mayar da kuɗin? Wani abokina ya ce wai akwai CDA da ya fi sauri. Daga wani magidanci.

AMSA: Malam Allah ya saka da alheri da ka tsaya mata. Zan faɗa maka gaskiya ko da ba daɗi: ba a yin arziki da aikin nan. Alƙaluman ofishin ƙididdigar ƙwadago na Amurka na 2023 sun nuna matsakaicin albashin malamar share fage kusan dala 37,000 ne a shekara, mai reno zalla kusan dala 30,000, alhali malamin kindagatin da firamare ya haura dala 60,000. Ka ga tazarar, kuma ita ce dalilin da na tsaya ina ta nanata maganar tiransifa a sama. Abin takaici ne wallahi, don ƙasar ta san darajar aikin sarai, tun binciken makarantar Perry da aka fara a 1962 a garin Ipsilanti na jihar Mishigan, yara 123 'ya'yan talakawa, aka sa wasu a makarantar share fage mai inganci aka bar wasu, aka bi su har suka kai shekara 40, waɗanda suka shiga suka fi gama sakandare, suka fi samun kuɗi, suka fi ƙarancin shiga hannun 'yan sanda. James Heckman da ya ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2000 ya daɗe yana kafa hujja da wannan. An yarda a baki, aljihu ne bai yarda ba.

Saboda haka dokata ɗaya ce, kar a ci bashi mai nauyi a kan wannan digirin. Kuma ba dole ba ne. Kuɗin makaranta a kwalejin al'umma ga ɗan yankin yana kusan dala 4,000 a shekara a matsakaici, ban da littattafai. In tana da girin kad ko ta zama 'yar ƙasa ko tana da matsayin 'yar gudun hijira, ta cike fom ɗin FAFSA na neman tallafin karatu daga gwamnati, kyauta ne, duk wanda ya ce a biya shi don shi ɗan damfara ne. Daga nan ake samun tallafin Pell wanda ba a biya, mafi yawansa a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 dala 7,395 ne, gwargwadon samun gidan da yawan darussan da ta ɗauka. Akwai kuma tallafin T.E.A.C.H. da aka fara a Karolina ta Arewa a 1990 ya bazu zuwa jihohi da dama, na waɗanda suke aiki a gidan reno ne, ana biya musu mafi yawan kuɗin da sharaɗin za su ci gaba da aiki a wurin na wani lokaci. Wasu jihohin kamar Tenesi ma sun ɗauke kuɗin makarantar kwalejin al'umma ga mazaunansu da suka cika sharuɗɗa. Makarantun kuɗi masu kiran waya safe da yamma suna cewa gurbi ya kusa cika, a yi hattara, kuɗinsu ninki ne kuma kiredit ɗinsu ne ya fi wuyar karɓuwa a gaba.

CDA kuwa abokinka bai yi ƙarya ba, amma ba digiri ba ne, shaidar ƙwarewa ce. Awa 120 na karatu, awa 480 na aiki da yara, ta haɗa fayil na ayyukanta, ta yi jarrabawa, in an buƙata a zo a kalle ta a aji. Shekara uku yake yi a sabunta. Da shi za ta iya aiki da jarirai a Early Head Start, reshen Head Start na jarirai da masu tatata, ko ta zama mataimakiya. In ba ta taɓa aikin ba ni da shi zan ce ta fara, ta ɗanɗana ta ji, kuma ta yi awa 120 ɗin a kwalejin da za ta lissafa mata su a cikin asoshiyet, jifa ɗaya tsuntsu biyu.

TAMBAYA: Anti ni ba a Amurka nake ba. Zan iya yi ta intanet daga inda nake, ko in nemi bizar ɗalibi? Daga wata ɗaliba.

AMSA: Darussan karatu ana yinsu ta intanet, koyarwar gwaji ce ƙashin bayan, don kwaleji na son cibiyar da ta amince da ita da mai sa ido da ta sani, ki samu amsar wannan a rubuce kafin komai. In zuwa za ki yi da bizar ɗalibi ta F-1, sai kwaleji ta ba ki takardar I-20 bayan kin nuna kuɗin shekara guda a banki, ki biya dala 350 na SEVIS, rajistar ɗaliban ƙasashen waje, ban da kuɗin biza, dole ki ɗauki kiredit 12 kowane samista kuma darasi ɗaya tak na intanet ake lissafawa a ciki. Ba Pell, kuɗin makarantarki na baƙi ne wanda ya ninka na 'yan gida, aiki kuma a harabar makaranta kawai, awa 20 a sati. Ki auna wannan da albashin da na faɗa wa malam a sama.

TAMBAYA: Anti kar ki yi dariya, ni namiji ne ɗan shekara 22, ina son aikin nan, yara suna bina ko'ina. Ana ɗaukan maza? Daga ɗanki.

AMSA: Ɗana ba abin dariya a nan. Ana ɗauka, nema ma ake, don maza ba su kai kashi 5 cikin 100 na malaman wannan matakin ba. Za ka gamu da iyayen da za su yi maka kallon tuhuma a satin farko, wannan ka shirya masa, ka bi ƙa'idar wurin sau da ƙafa, ƙofa a buɗe, kar ka keɓe da yaro inda ba mai ganinku. Binciken da za a yi maka shi ake yi wa kowa, dokar tarayya ta 2014 ta wajabta ɗaukan zanen yatsu na FBI da duba rajistar masu cin zarafin yara ga duk ma'aikacin gidan reno mai lasisi, galibi ga gwajin tarin fuka da horon taimakon gaggawa.

Abu biyu nake so ka sani tun kafin ka shiga, ku ma mata ku ji. Na ɗaya ba duka, ba finciko, ba jan kunne, ba barazanar hana abinci, ko da uwar yaron ce da bakinta ta ce ka zane shi, a Head Start haramun ne ƙarara kuma a kusan duk cibiya mai lasisi aikinka ne zai tafi. Na biyu, daga ranar da ka fara aiki doka ta ɗora maka kai rahoto in ka ga alamar ana cutar da yaro a gida, ba sai ka tabbatar ba, zargi mai dalili ya isa, kuma in ka yi shiru don kunyar iyayen kai za a kama da laifi. Akwai darasi a kan wannan a cikin karatun, kar ka yi fashinsa.

Kuma tunda ka rubuto min da Hausa mai kyau haka, ka sa yarenka na biyu a takardar neman aiki, ajujuwan nan cike suke da yaran da Turanci ba shi ne yaren gidansu ba, kuma ƙa'idar Head Start ta ce in mafi yawan yaran aji yare ɗaya suke ji, a samu ma'aikaci aƙalla ɗaya a ajin mai jin wannan yaren. Je ka kwalejin da ke kusa da kai ka ce a haɗa ka da mai ba da shawara na sashen ilimin yara, ba na gama-gari ba, ka tafi da tambayar AA ko AAS a rubuce a hannunka.